Rikicin Gidajen Haya a Kotun Ƙolin Amurka

A watan Satumban 2020, lokacin da cutar korona ta kwantar da sana'o'i, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta hana korar 'yan haya da suka kasa biya. Hujjarta ita ce wanda aka kora zai koma cunkoson gidan dangi ko matsugunin marasa galihu, inda cutar ke saurin yaɗuwa.

Masu gidaje suka garzaya kotu. Ƙungiyar dillalan gidaje ta jihar Alabama ta ce masu gidaje ma bashin banki da haraji na kansu.

A ranar 26 ga Agustan 2021, Kotun Ƙoli, da alƙalai 6 cikin 9, ta soke haramcin. Ta ce dokar 1944 da hukumar ta dogara da ita ta ambaci matakai irin feshin magani da kashe ƙwari, kuma majalisar dokokin Amurka ce kaɗai ke da ikon kafa irin wannan takunkumi.

Abin takaici, majalisa ta riga ta ware sama da dala biliyan 46 don tallafin haya, amma kaso kaɗan ne ya isa hannun mabuƙata kafin hukuncin.