Jawabi a Kan Mafakar Matan da Ake Duka a Zamanin Annoba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Amma bayan haka, ya ku malamai da ɗalibai na ƙasar Gumel, ku saurara.

Tun kaka da kakanni, in miji ya doki matarsa, takan yi yaji zuwa gidan ubanta, ko ta fake wurin mai unguwa ko liman, har a zo biko. To, da annobar korona ta shigo Nijeriya cikin Fabrairu 2020, sai aka hana tafiye-tafiye, ciniki ya mutu, maza suka zauna gida hannu babu ko kwabo, zukata suka yi zafi. Ƙofar da aka rufe domin tsare cuta, ita ce ta kulle mace tare da mai dukanta. Wadda iyayenta ke wajen Damagaram kuwa, ina za ta? Gama iyakar Maigatari ba a buɗe ta ba sai Disamba 2020.

Ba nan kaɗai ba ne. Cikin Afrilu 2020, Antonio Guterres na Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi gwamnatoci su bar gidajen mafakar mata a buɗe, domin duka ya yawaita a ƙasashe. A 2021 Jihar Jigawa ta kafa dokar hana cin zarafi. Madalla. Amma doka ba ta shimfiɗa tabarma, ba ta tuƙa tuwo, kuma Dutse ta yi wa matar ƙauye nisa cikin dare.

Saboda haka abu uku muke roƙo. Na fari, a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a keɓe gida, da sanin hakimi, a sa dattijuwa amintacciya ta riƙe shi. Na biyu, in kaka ta yi, kowa ya fid da mudun gero ko kuɗin riɗi sadaka ga gidan, kada a jira wata annoba. Na uku, ya malam, in mace ta zo maka da rauni, kada ka ce ta koma ta yi haƙuri. A kai ta asibiti tukuna, kana a kira mijin da waliyyinta, in ya ƙi shiryuwa sai gaban alƙali.

Ku ɗalibai, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda. Allah Ya tsare mu daga annoba da zalunci. Wassalam.