Daga Kwanon Sadaka Zuwa Gonar Waƙafi: Makomar Ƙungiyoyin Taimakon Al'umma



A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bai wa ƙasashen waje, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumarta ta agaji, USAID. Ayyukan agaji da dama a Borno da Yobe da Adamawa suka tsaya cak, domin igiyar da ke riƙe da su tana hannun wasu ne. Wannan ya sa nake so mu tattauna batu guda a yau: ƙungiyoyinmu na cikin gida sun riga sun mallaki abu mafi tsada, wato amincewar jama'a, amma ba za su ɗore ba sai sun samu dukiya mai haihuwa da lissafi a bayyane.

Mu fara da ƙarfinsu. A 2007 lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri da yara 36. Da rikici ya tsananta, ya riƙa karɓar marayun waɗanda aka kashe da marayun mayaƙan Boko Haram, suna zama a aji ɗaya. Wannan yarda da ya samu daga ɓangarorin biyu ce ta ba shi damar shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da wasu 82 a 2017, a shekarar da ya karɓi lambar yabo ta Nansen. Baƙon da ya zo da kwangilar shekara biyu ba zai iya wannan ba, domin ɗan gari shi ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ko da mai gidan ya fito da babbar riga. Haka ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, ta shiga zauruka da ɗakunan matan aure ta hanyar makarantu da asibitocinta, inda ma'aikacin gwamnati namiji zai tsaya a ƙofar gida yana sallama.

Rauninsu kuwa yana cikin yadda kuɗi ke shigowa. Hannunmu a buɗe yake a watan azumi, ana rabon abinci da kayan sallah, amma maraya yana buƙatar kuɗin makaranta a Muharram, mai ciwon ƙoda yana buƙatar wankin ƙoda kowane mako. Ƙungiyar da ke rayuwa a kan kwanon da ake zagayawa da shi ba ta iya ɗaukar malami ko ma'aikaciyar jinya aiki na shekara biyar. Sau da yawa kuma, ranar da attajirin da ya kafa ta ya rasu, magada su raba gado, aikin ya bi shi kabari. Maganin wannan tsoho ne a addininmu, wato waƙafi. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsare gonarsa ta Haibara ya sadaukar da amfaninta. Waƙafi ne ya riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru. Shago a kasuwa, gonar mangwaro, gidan haya: asali ba a sayarwa, ba a gado, riba kuma tana ciyar da aiki. Jihohi irin su Kano da Sakkwato sun riga sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, saura jama'a su mayar da abin al'ada.

Wani zai ce kula da marayu da marasa lafiya haƙƙin gwamnati ne, idan mun ɗauke mata sai ta miƙe ƙafa. Haƙƙin nata ne, babu musu. Amma yunwa ba ta jiran kasafin kuɗi, kuma ƙungiyar da ke cin gashin kanta ita ce ke iya buɗe baki ta gaya wa gwamna gaskiya. Wadda ke jiran ambulan daga gidan gwamnati, bakinta a ɗaure yake.

Wani kuma zai ce neman lissafi zargi ne, sadaka ma a ɓoye ta fi lada. A nan an haɗa abu biyu daban. Mai bayarwa yana da damar ɓoye hannunsa, amma mai riƙon amana ba shi da damar ɓoye littafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Na fahimci fargabar da dokar kamfanoni ta 2020 ta haifar, tunda ta ba hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, kuma shugabannin addini sun koka a kai. Sai dai ƙungiyar da ke karanta shigarta da fitarta a gaban jama'a kowace shekara ta toshe ƙofar da za a biyo a taka ta. Babu kuma mai sadaukar da gonarsa har abada ga mutanen da ba su iya bayanin kuɗin buhu goma na shinkafa ba.

Saboda haka ina roƙon kowace ƙungiya da ke wannan zaure ta ware wani kaso na abin da ta tara a azumi mai zuwa ta sayi kadara, ta rubuta ta da sunan amintattu, ta liƙa lissafinta a ƙofar ofis. Ku kuma masu hali, maraya zai ci buhun da kuka ba shi bana ya ƙare, amma shagon da kuka tsare masa zai kai ƙaninsa jami'a.

 Allah Ya sa mu dace.