Labarin Kaldiyawa da Ƙauyukansu

Yau zan ba ku labarin waɗansu mutane da a ke kira Kaldiyawa. Ku da ke zaune a tsohon gari kun san yadda suna ke daɗewa bayan masu shi sun shuɗe, saboda haka na san labarin nan ba zai yi muku wuyar fahimta ba.

Ƙasarsu ita ce Iraƙi, inda birnin Bagadaza ya ke. Manyan koguna biyu ne ke ratsa ta, Dijla da Furatu. Can kudu, wajen da kogunan nan ke malala cikin fadamu kafin su shiga teku, nan Kaldiyawan farko suka zauna. Littafin Attaura ya ambaci birnin Ur na ƙasarsu, ya ce daga nan Annabi Ibrahim ya taso. Wani Bature, Leonard Woolley, ya haƙa kufan birnin daga 1922 zuwa 1934, ya tarad da kaburburan sarakuna da kayan zinariya.

A shekara ta 626 kafin haihuwar Annabi Isa aka kafa daular da a ke kira ta Kaldiyawa a Babila. Shekara 14 bayan haka suka haɗa kai da Madayawa suka rushe Ninawa, birnin Annabi Yunusa. Babban sarkinsu shi ne Buhtanasar, wanda ya ci Ƙudus da yaƙi. Amma mulkin bai kai shekara ɗari ba, gama a 539 Farisawa suka ƙwace Babila. Yau da gobe Kaldiyawan nan suka narke cikin sauran jama'a.

To, kada ku rikice. Waɗanda a ke kira Kaldiyawa a zamanin nan ba a kudu ƙauyukansu su ke ba, a arewa su ke, a filin Ninawa kusa da birnin Mausil. Kirista ne tun ƙarnukan farko na addinin. A 1552 suka sami saɓani a kan wanda zai shugabanci ikilisiyarsu, sai wani sashe ya zaɓi wani mai ibada, Yohanna Sulaƙa, ya tafi Rum, Paparoma ya naɗa shi a 1553. Bayan ya komo gida aka kashe shi a 1555. Mutanen Rum ne suka liƙa wa masu bin wannan hanya tsohon sunan nan na Kaldiyawa, har ya bi su. Har yanzu ana gardama: waɗansu sun ce su jikokin Kaldiyawan Babila ne, waɗansu sun ce a'a, Assuriyawa ne, tun da ya ke ƙasar Assuriya su ke zaune. A ganina masu magana ta biyu sun fi hujja wajen ƙasa, amma ba a raba mutum da sunan da ya amsa shekara ɗaruruwa.

Ƙauyukan su ne Alƙosh, da Talkaifi, da Batnaya, da Talaskuf, da Karamlesh. Daga Mausil zuwa Alƙosh mil 30 ne ko kusa da haka, watau kamar daga Funtuwa zuwa Malumfashi. Garin yana gindin dutse, a jikin dutsen kuwa akwai gidan masu ibada na Rabban Hurmuz, wanda aka sassaƙa ɗakunansa tun ƙarni na 7. Manoma ne kamarku, sai dai damunarsu a lokacin ɗari ta ke zuwa. Su kan shuka alkama da sha'ir sa'ad da ku ke ɗiban auduga, su girbe sa'ad da ku ke jiran ruwan shuka.

Harshensu su kan kira shi Surat. Reshe ne na Aramiyanci, harshen da Annabi Isa ya yi magana da shi, ɗan'uwan Larabci ne kuma. Inda Balarabe zai ce salam, su sai su ce shlama. Inda zai ce malik, watau sarki, su ce malka. Inda zai ce kitab, su ce ktawa. Ashe kuwa wannan kalma ta iso har nan, gama daga alkitab muka sami littafi, irin wanda ke hannunku. Baƙaƙensu 22 ne, daga dama zuwa hagun a ke rubuta su, kamar ajami. Malaman kakanninsu sun yi wa duniya aiki. A zamanin Halifofin Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙu, wanda ya rasu a 873, ya juya littattafan likitancin Yunanawa da yawa zuwa Larabci.

Kowane ƙauye da irin karin harshensa. Da mutumin Alƙosh ya buɗe baki, na Talkaifi ya san daga inda ya fito, kamar yadda ku ke gane Basakkwace a kasuwa. Shi ya sa watsewar ƙauye ɗaya babbar hasara ce, don karin nan ba shi da wani gida.

Watsewar kuwa ta daɗe da somawa. Tun farkon ƙarni na 20 mutanen Talkaifi suka fara tafiya birnin Ditiroyit na Amurka neman aiki a masana'antar motoci, daga baya suka buɗe kantuna, ɗan'uwa yana jawo ɗan'uwa. Yaƙin Iraƙi na 2003 ya ƙara korar su. Sa'an nan a watan Agusta na 2014 mayaƙan Da'ish suka auka wa filin Ninawa, mutum fiye da 100,000 suka gudu, da yawansu cikin dare ɗaya, suka bar gidaje da dabbobi. Talkaifi da Batnaya da Karamlesh duk sun faɗa hannunsu. Alƙosh kam Allah ya tsare ta, ba su shige ta ba.

Daga 2016 zuwa 2017 aka kore su daga ƙauyukan. Waɗansu iyalai sun komo Talaskuf da Karamlesh sun gyara gidajensu, amma na Talkaifi kaɗan ƙwarai suka komo. Jikokinsu da aka haifa a Amurka Turanci su ke yi, da yawa sai gaisuwa kawai suka iya da Surat. Saboda haka masana, irin su Geoffrey Khan na Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka shiga bin tsofaffi a ƙasashen da suka watsu, suna ɗaukar muryarsu, suna rubuta karin kowane gari daban, tun masu shi suna da rai.