CIWON TAƁIN HANKALI YANA DA MAGANI

Jawabin da anka gabatar a taron ƙungiyarmu, a Kornaka

Shugabanni sun ce in yi magana a kan ciwon da kowa ya sani amma ba a son faɗin sunansa, wato taɓin hankali. Abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Babu zuriyar da za ta ce ta fi ƙarfin wannan ciwo.

Ina yaro, akwai wani ɗan'uwanmu, manomi, mai kunya. Wata shekara bayan girbi ya daina barci, ya riƙa jin muryoyi, ya fara zage-zage. Anka yi rubutu, anka yi turare, anka sayar da awaki huɗu. Da abin ya gagara sai anka sa masa mari, anka ɗaure shi a bayan gida shekara biyu. Iyayensa ba mugaye ba ne, tsoro ne da rashin sanin inda za su nufa. Daga baya anka kai shi likita, bayan wata biyu ya dawo yana gaisawa da mutane. Amma tabon mari yana ƙafarsa har ya bar duniya. Saboda wannan tabo na tsaya gabanku yau.

Da farko mu rarrabe, don ba duka ne hauka ba. Akwai wanda zazzaɓi mai zafi ya ruɗe shi, kamar zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko sanƙarau. Wannan a kai shi likita a ranar, don yana iya mutuwa. Akwai farfaɗiya. Ita ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓawa, kuma ƙwaya tana tsayar da ita ga mutane da yawa. Akwai ciwon damuwa: mutum ya daina ci, ya daina fira, ya ga rayuwa ba ta da amfani. Akwai matar da kanta ke juyawa cikin jego. Akwai samarin da tramol da wiwi sunka lalata. Sannan akwai mai jin muryoyi, mai ganin kowa maƙiyinsa ne. Kowane da irin maganinsa.

Magani ƙafa biyu gare shi. Ƙafa ta farko ita ce ƙwaya da allura. A shekarar 1952, a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris, likitoci biyu, Delay da Deniker, sunka gwada wani magani da ake kira Largactil, sunka ga masu fisge-fisge sun natsu. A 1958 anka samo Haldol a ƙasar Beljiyam. Har yau ana aiki da su, kuma ba su cikin magunguna masu tsada. Sai dai ku riƙe abu uku. Na ɗaya, ba a ganin aikinsu dare ɗaya. Maganin damuwa yakan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi. Na biyu, wani lokaci sukan kawo sanƙarewar jiki, rawar hannu ko dalalar miyau. In kun ga haka ku koma wurin majo, akwai yadda ake gyarawa. Na uku, kada a bar magani don an ga sauƙi. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa: ciwo ya dawo, sai a ce maganin likita ba ya yi. Wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allurar da ake yi wata-wata.

Ƙafa ta biyu ita ce magana. Wani zai ce, yaya magana za ta warkar da ciwo? A zauna da mai ciwo a asirce, a saurare shi ba tare da dariya ko faɗa ba, a taimake shi ya jera matsalolinsa, ya ɗauki guda ɗaya, a nemi mafita tare, a sake haɗuwa wani sati a ga inda anka kwana. A ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata wannan aiki. Suna zama a kan benci a harabar likita, mai yawan tunani ya zo su yi zama shida. A 2016 anka bayyana sakamakon gwajin: waɗanda sunka zauna da tsofaffin nan sun fi sauran samun sauƙi nesa ba kusa ba. To, mu a Kornaka tsofaffi masu hikima munka rasa?

Kuma kada a ce wannan dabarar Turawa ce kaɗai. A 1954, Dokta Adeoye Lambo na Najeriya ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Ana sauke mai ciwo a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti, da dare ya kwana cikin mutane. Ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, daga 1959, Dokta Collomb ya bi irin wannan hanya: mai ciwo da mai jinya daga danginsa, da taron fira na kowa da kowa. Dukansu sun gano cewa mutum ya fi saurin warkewa cikin danginsa da cikin ɗaki a kulle.

Ban zo in raba kowa da malaminsa ba. Addu'a tana kwantar da zuciya, kuma neman magani ba ya hana dogara ga Allah. Abin da nake roƙo shi ne a bar duka, a bar horon yunwa, a bar mari da turu, kuma kada wani ya ce a zubar da ƙwayar likita.

Ina za a je? A fara da likitar garinmu. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan likitoci kula da irin waɗannan cututtuka, don kada sai an je birni. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Dakoro ko Maraɗi, in ta kama har babbar likitar Yamai, sashen da ake kira Pavillon E.

Ga shawarata ga ƙungiya. Mu ware wani abu daga asusunmu don kuɗin mota da na magani, domin yawancin masu barin magani rashin kuɗi ne ke sa su. Mu zaɓi mutum biyu a kowace unguwa, mace da namiji, masu riƙe asiri, su riƙa leƙa gidajen. Mu hana yaranmu jifa da tsokana. Wanda ya samu sauƙi a ba shi gonarsa ya noma, a kira shi biki da suna, don zaman banza da kaɗaici suna maido da ciwo. Wanda kuma kunka ji yana cewa ya gaji da duniya, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kawar da maganin ƙwari da igiya, ku kai shi likita a ranar.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai wanda ke ɗaure a gidanku yau, ku same mu bayan taro, ba mai jin maganar. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri.