Jirgin Kwali da Darasin Ma'auni

Shugaban taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Na ga wasunku suna ta murmushi tun da na ɗora wannan ɗan farin jirgi na kwali a kan tebur. Na san abin da kuke cewa a zuci: mutum da furfurarsa ya koma wasan yara. To, ku ba ni aron hankalinku kaɗan.

Wannan kwaikwayo ne na wani jirgin tsere na Ingila mai suna Percival Mew Gull, wanda aka ƙera da katako, mai ɗaukar mutum ɗaya tak. Da shi ne Alex Henshaw ya ci gasar Kofin Sarki a 1938. Ran 5 ga Fabrairu 1939, yana ɗan shekara 26, ya tashi daga Gravesend shi kaɗai, ya isa Cape Town cikin awa 39 da 'yan mintoci, ya kuma komo. Sai da aka yi shekara 70 kafin wani ya karya wannan tarihi, a 2009.

Ina ruwanmu da shi? A hanyarsa ya sauka shan mai a Gao, bakin wannan kogi namu na Kwara, wanda ke gangarowa ta Yamai da Gaya har ya iso mu nan Dole Kaina. Daga Gao ya nufi Libreville. Ku ja layi a taswira tsakanin garuruwan biyu, za ku ga ya ratsa arewacin Dahomey, wato Benin ta yau, nan kusa da mu.

Yanzu ga yadda na yi shi. Faɗin jirgin na ainihi, daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin, ƙafa 24 ne da inci 9, wato inci 297. Na ɗauki inci ɗaya a madadin ƙafa biyu, sai fiffiken nawa ya zo inci 12 da 3/8. Kowace gaɓa, har taya da farfela, da wannan lissafi na rage ta. Na zana a kwali, na yanka da reza, na naɗa gangar jikin a kan sanda don ta lanƙwasa, sannan na manne da ƙaro.

Na farkon da na yi, a shara ya ƙare. Na yi gaggawa, na auna fiffike ɗaya da ido, na kuma cika ƙaro cikin laimar damina, sai kwalin ya murɗe. Nan na tuna da malaminmu na zanen fasaha, ga shi can zaune, Allah ya ƙara masa lafiya. Sau nawa ya mayar mini da takarda saboda rabin layi? A lokacin haushinsa nake ji. Malam, yau na zo neman gafara.

Jama'a, dukanmu mun yi motar kara muna yara, hannu bai gagare mu ba. Abin da makaranta ta ƙara mana shi ne ma'auni. Amma ɗazu na leƙa wani aji, na tarar da yara biyar suna jiran rula ɗaya. Yaron da bai taɓa auna abu da hannunsa ba, yaya zai karanta zanen gini ko taswirar fili gobe? Da sanyin safiya ake kama fara.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ware wani abu daga gudummawar bana ta sayi rula, kamfas, kwali da almakashi. Ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa kowace Asabar ta farkon wata in zauna da yaran. Jirgin nan na bar wa makaranta.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri.