Gatarin Sara da Gatarin Faskare

 Yau ku ajiye fensir tukuna, zancen gatari za mu yi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, makon jiya na je duba wani aji, na tarar ɗaya daga cikin manyan ɗalibai ba ya nan. Da na tambaya, sai aka ce yana kwance, gatari ya sare shi a ƙwauri. Na je gaishe shi, na ce a nuna mini gatarin. Ashe ɗan siririn gatari ne na sassabe, shi kuwa ya tasam ma gungumen ƙirya da shi. Ya kai sara, gatari ya goce, sai ƙafa. Ga damina ta matso, ga mai gida ba ya iya takawa.

To, ku lura. Sara daban, faskare daban. In kana sara, gitta jijiyar itace ka ke yi, kana yanke ta. Saboda haka gatarin sara ya kamata ruwansa ya zama siriri, mai kaifi, mara nauyi ƙwarai, don hannu kada ya gaji. Amma faskare ba yanka ba ne, tsagawa ce. Bin jijiyar a ke yi, a buɗa ta. Nan nauyi da kauri su ke aiki, ba kaifi ba. Siririn gatari in ya shiga gungume sai ya cije, ka yi ta kokawa da shi. Mai kauri kuwa, da ya shiga sai ya ture itacen biyu.

Itace ma ba ɗaya ba ne. Darbejiya, wadda wasunku ke kira maina, ba ta da gardama sosai. (Baƙuwa ce ma, daga ƙasar Indiya asalinta, a 1928 aka fara dasa ta a Borno.) Amma ƙirya da marke da tsamiya, waɗannan sai babban gatari. Ka nemi inda gungumen ya fara tsagewa ka bi nan, kada ka fara ta wajen ƙulli.

Yanzu sai ƙota, kuma nan na fi so ku buɗe kunne. In kun je kasuwar Shuwarin ko rumfar maƙera a Dutse, na ga yawancinku ruwan kaɗai ku ke dubawa, ku ƙwanƙwasa, ku biya. Ku juya ku dubi kan ƙotar, inda maƙeri ya huda ya soke ƙarfen. Kowane sara yana ƙara tura ƙarfen ciki, saboda haka in akwai 'yar tsaga a wurin, ko kamar zare ce, wata rana za ta buɗe. Ranar nan ruwan gatari zai tashi, ba ya kuwa tambayar wa ke tsaye kusa. Ku nemi ƙotar busasshen itace mai tauri. Ɗanya tana motsewa da hunturu, ƙarfe ya riƙa girgiɗi. Wasu su kan jiƙa ta a ruwa ta kumbura. Wannan dabarar yini guda ce, da ta bushe sai ta fi dā sakwarkwacewa. A sake ƙota kawai.

Kada kuma ka ari gatarin ƙato kana ƙaramin mutum. Ɗaga shi sau biyu sau uku a gaban mai sayarwa. In yana rinjayarka, ba naka ba ne.

Sa'ad da za ka yi faskare, ka buɗe ƙafafu, ka kori yara, kada ka take itacen da ƙafa. Ka ɗora shi bisa wani gungume, domin ƙasarmu ta Dutse ga tsakuwa ga dutse, sara ɗaya a ƙasa ya isa ya ɓalle bakin gatari.

Gobe kowa ya zo da gatarinsa aji, mu duba ƙotocin tare. Sa'an nan mu rubuta "gatari" da "ƙota" a allo, don har yanzu wasunku ba su sa wa ƙ lanƙwasarta.