Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Aikin Jarida

 



Ku 'ya'yana da ake yayewa yau, da na dubi layukan da kuke zaune, abin da ya fara faranta mini rai shi ne yawan 'yan mata. Lokacin da Hajiya Bilkisu Yusuf, Allah Ya ji ƙanta, ta riƙe kujerar edita a Sunday Triumph a nan Kano, daga baya kuma a New Nigerian a Kaduna, matan Arewa da ke ɗakin labarai ba su taka kara sun karya ba. Yau ga su sun cika aji. Amma ina suke shiga bayan hidimar ƙasa? Da yawa aure ko aikin dare ko ƙarancin albashi ke raba su da sana'ar. Iyaye da mazajen gobe, ku ba su dama. Akwai ɗakin haihuwa, akwai cikin gida, akwai sansanin 'yan gudun hijira, inda mace ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba, sai 'yar'uwarta. In babu wakiliya, labarin ya mutu a nan.

Na san ba dukanku ne za ku ɗauki rahoto ba. Wasu hulɗa da jama'a za su yi, wasu talla, wasu fim, kuma duk halal ne. Wanda ya zauna a jarida kuwa, ya sani za a miƙo masa ambulan a ce na goro ne, za a so ya zama sojan baka. Kada ya karɓa. Sashe na 22 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora muku bin diddigin gwamnati, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ku ikon neman takardun hukuma a rubuce. Ku yi aiki da ita.

Kada kuma ku raina Hausa. Da ita Abubakar Imam ya yi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da ita BBC ke magana tun 1957, kuma ita manomi ke saurare a rediyonsa.

Masu gidajen jarida da rediyo da ke wurin nan, ga amanar 'ya'yan nan mun damƙa muku. Ku ɗauke su aiki, ku biya su haƙƙinsu a kan kari.

Allah Ya yi muku albarka.